Bayan Janyewar Ruwa: Abin Da Muka Tarar A Ƙetaren Kogi

Jama'a masu sauraronmu a birnin Yamai da kewayensa, da waɗanda muryarmu ke iskewa a garuruwan bakin kogi, tun daga Ayoru da Tilaberi har zuwa Gaya, sharhinmu na yau a kan ambaliyar ruwa yake. Na san ba za a rasa wanda zai ce ai wannan magana ba lokacinta ba ne, tun da muna tsakiyar rani, kogi ya koma cikin kwarinsa, tsibiran yashi sun fito fili a ƙarƙashin gadar Kennedy, kuma abin da ya dami kowa a yau zafin rana ne da ƙishirwa. To, saboda haka ɗin ne ma muka zaɓi wannan lokaci, domin zancen ambaliya a watan Agusta, sa'ad da ruwa ya riga ya kai ƙirji, jaje ne kawai da ta'aziyya, alhali kuwa a watannin da ƙasa take bushe ne zancen zai iya zama shawara da aiki.

Kogin Isa, wanda ƴan'uwanmu na Nijeriya ke kira Kwara, cika biyu yake yi a gaban Yamai kowace shekara, kuma masunta da matuƙa jiragen ruwa sun san haka tun kafin masana su zo da ma'auninsu su tabbatar. Akwai cikar sanyi, wadda ruwanta ke tasowa daga duwatsun ƙasar Gini, ya ratsa Mali, ya bazu a fadamun Masina ya huta, ya sauke laka da yashin da ya ɗauko, sa'an nan ya iso mana a hankali cikin watannin Disamba da Janairu. Wannan ita ce cikar da kakanni suka saba da ita, suka tsara shuka da su da tafiya a kanta. Akwai kuma cikar damina, wadda ake kira jar cika saboda launin ruwanta, mai zuwa cikin Agusta da Satumba, kuma asalinta daga koguna uku ne da ke gangarowa daga wajen Burkina Faso da yankin Liptako su faɗa cikin Isa ta hannun dama, wato Goruwal da Dargol da Sirba. Wannan ta biyun ba ta sallama, ba ta jira. Ruwan da aka yi a wancan yanki yana iya isowa Yamai cikin ƴan kwanaki kaɗan. A zamanin da, cikar sanyi ce babba, jar cika kuwa ƙanwa ce a bayanta, amma a shekarun nan al'amarin ya juye, ƙanwar ta fi yayar tsayi da ƙarfi da ɓarna.

Sababin juyewar abin a yi tunani a kansa ne. Fari da yunwar da suka afka wa ƙasashen Sahel a shekarun 1970 da 1980, waɗanda tsananinsu ya kai har kogin nan ya daina gudu a gaban Yamai a watan Yuni na 1985, sun kashe itatuwa da ciyayi, mu kuma muka ƙarasa abin da ya rage da gatari da faɗaɗa gonaki, har ƙasa ta zama fako, ta yi tauri ta daina shan ruwa. Saboda haka idan an yi ruwa a yau, maimakon ya nutse ya jiƙa saiwa ya cika rijiya, sai ya kwarara a saman ƙasa, ya haƙa koramu, ya kwashi yashi ya zuba a cikin kogi, kogin ya cike daga ƙasa, wurin da ruwa zai zauna ya ragu. Ga shi kuma a ƴan shekarun nan ruwan sama ya dawo, yana sauka da yawa a lokaci guda. Ke nan fari da ambaliya, waɗanda muke ɗauka kishiyoyin juna ne, ɗaya ne ya share wa ɗaya hanya.

Tun shekarar 1929 ake auna tsayin kogi a Yamai, kuma hukumomin ruwa sun yanke cewa idan ma'auni ya kai santimita 620, an shiga jan gargaɗi, wato haɗari ya tabbata. A Agustan 2012 ruwa ya kai santimita 618, ya yi ɓarnar da mutane suka ce ba su taɓa ganin irinta ba; a 2019 ya haura 630; a ranar 8 ga Satumba 2020 kuwa ya kai mita 7 cif, abin da ba a taɓa rubuta irinsa ba tun da aka fara awo. Shingen ƙasar da aka gina don kare unguwannin Harobanda da ke ƙetaren kogi bai iya riƙe wannan nauyi ba, ya ɓalle, ruwa ya mamaye Lamorde da Karaje da Zarmagande da Nogare da Kirkisoy, ya shiga harabar Jami'ar Abdu Mumuni, ya shiga har cibiyar Agrhymet, wadda aikinta shi ne nazarin yanayi da ruwa ga ƙasashen yankin baki ɗaya. A wannan gefe namu ma Saga da gonakin shinkafarta ba su tsira ba. A faɗin ƙasa, a wannan damina, an rasa rayuka fiye da 70, mutum fiye da dubu 600 kuma suka shiga cikin musiba, kuma duk wannan a shekarar da annobar korona ta riga ta karya ciniki ta bar talaka ba ko sisin ajiya.

Mu mutanen Zongo, Allah Ya zaunar da mu a kan tudu, tsakanin ƙaramar kasuwa da gidan tarihi na Bubu Hama, inda muke hangen kogi amma kogi ba ya zuwa mana. Kuma unguwa ce da asalinta masaukin baƙi da fatake ne, don haka da wuya a sami gidan da ba shi da ɗan'uwa ko suruki ko abokin ciniki a ƙetare. Da labarin ambaliyar 2020 ya yi tsanani, liman ya yi magana bayan salla, ƴan kasuwa suka haɗa abin da ya sawwaƙa na shinkafa da gero da sabulu da tabarmi, mata suka fito da tufafi da tukwane, samarin fada kuma, waɗanda kullum ake zarginsu da zaman shayi da kashe lokaci, su ne suka fara tashi suka nemo shebur da baro da buhunan wofi. Ina cikin waɗanda suka bi su, ko da yake shekaruna sun fi dacewa da riƙon takarda da alƙalami fiye da riƙon shebur. Ba mu haye a ranakun da ruwa yake kan ganiyarsa ba, domin wannan aikin ƴan kwana-kwana ne da sojoji da ma'aikatan agaji na Kurwa Ruj da masu jiragen ruwa, waɗanda suka yi ta kwasar tsofaffi da yara daga kan rufin ɗakuna. Mu mun haye ne bayan ruwa ya fara ja da baya, lokacin da jama'a suka soma komawa don ganin abin da ya rage musu.

Abin da ya fara tarbar mu bayan mun sauka daga gada wari ne, tun kafin ido ya ga kome: warin laka da ruɓaɓɓen hatsi da mushen dabbobi, da na salgogin da ruwa ya cika ya tumbatsa ya gauraya da kome. Sa'an nan ido ya fara rarrabewa. Gidan siminti yana tsaye, da layin laka a jikin bangonsa mai nuna iyakar inda ruwa ya kai, a wasu wurare daidai ƙugu, a wasu har saman taga. Kusa da shi kuwa, inda gidan ƙasa yake a da, babu kome sai tudun taɓo da kwanon rufi a kife a kansa. Sau da yawa ginin ƙasa ba ya faɗuwa da bugun ruwa kamar yadda wanda bai gani ba zai zata. Ruwa yana zama ne a gindin bango kwana da kwanaki, tubalin ƙasa ya sha ya yi laushi ya narke kamar ƙwayar sukari a gindin kofin shayi, sa'an nan abin da ke sama ya zauna a hankali, sau da yawa cikin dare. Saboda haka ne ma gidaje da yawa suka rushe bayan ruwa ya janye, a kan mutanen da suka koma da wuri suna zaton sun tsira.

A wani lungu na Karaje muka iske wani dattijo tsaye a kan abin da ya kasance zaurensa, yana riƙe da sanda, ya naɗe wandonsa har gwiwa. Na ce masa, "Baba, sannu da wannan jarrabawa, Allah Ya mayar da alheri." Ya amsa da amin, ya dubi samarin da ke shirin kwasar taɓo da baro, ya ce, "Ƴaƴana, ku bar ƙasar nan, ba inda za ta je. Ku ciro mini azara da kwano da ƙyauren ƙofa kafin su ruɓe, su ne kuɗi." Haka kuwa aka yi. Aka tona aka zaro azarar giginya ɗaya bayan ɗaya, aka wanke aka jingina a rana, aka cire ƙusoshi daga kwano aka miƙe waɗanda suka lanƙwashe da dutse aka tara a gwangwani, domin a wurin wanda zai sake gini da hannunsa ko ƙusa ɗaya dukiya ce. Da aka kai ga ɗakin ajiya, buhunan gero da ke ciki sun kumbura sun yage, hatsin ya tsiro fari fat a cikin duhu, abincin da aka tanada don ya kai iyali ga kaka ya zama abin da ko akuya ba za a ba ba.

Gaba kaɗan, wata mata ta shimfiɗa tabarma a kan wani busasshen wuri, ta jera takardu a kai, kowace ta danne ta da tsakuwa don kada iska ta ɗauke. Takardun haihuwar ƴaƴanta ne, da katin asibiti, da takardar sakamakon lakwal ta babbar ɗiyarta, tawada ta malale har sunaye sun dushe. Na tambaye ta, "Inna, an rubuta sunanku cikin waɗanda za a taimaka?" Ta ce masu rubutu sun zo, sun tambayi mai gida, ita kuwa haya take yi, mai gidan yana wata unguwa, shi aka rubuta. Wannan magana ta tsaya mini a rai fiye da rusassun bangaye, domin ɗan haya shi ne ya yi asarar gado da tukunya da buhun abinci da jarin sana'a, amma tun da ba shi da takardar fili, sau da yawa ba ya cikin lissafi. Kuma wanda takardar haihuwarsa ta lalace, gobe idan ya zo jarrabawa ko neman katin ɗan ƙasa, zai tarar ambaliyar ba ta gama da shi ba.

Na kuma ga wani alaramma a bakin rumfar makarantarsa, ruwa ya tafi da allunan almajiransa, ya jiƙa Alƙur'aninsa na rubutun hannu a cikin gafaka. Da yake irin wannan mushafi ba a ɗinke yake ba, warƙa-warƙa ne, ya zauna yana ɓamɓare su a hankali da bakin wuƙa, yana shanyawa a inuwa don kada rana ta sa su ƙanƙance, sa'an nan yana mayar da kowace wurinta da ka, ba tare da duba lamba ba. Bai nemi kome a wurinmu ba sai a samo masa katako a sassaƙa sababbin alluna, don kada yaran su watse.

Cutar da ke biyo bayan ruwa kuwa ba ta da hoton da za a nuna. Kududdufai sun zauna a kowane rami, sauro ya yi yawan da ba a iya misaltawa, kuma wannan duk a watannin da zazzaɓin cizon sauro ya saba kai ƙololuwarsa ko da babu ambaliya. Rijiyoyi sun gurɓace, yara suna ta gudawa, ƙafafun masu tafiya cikin taɓo sun tsattsage sun yi gyambo. Waɗanda suka rasa muhalli an tara su a azuzuwan makarantu, iyali da yawa a aji guda, an raba tsakani da zane. Da lokacin komawa karatu ya gabato, sai aka kwashe su zuwa tantuna a filin sukuwa da wasu wurare.

A nan ne nake so in faɗi abin da ya kawo ni, ko da zai yi wa wasu ɗaci. Mu mutanen wannan ƙasa muna da saurin tausayi, kuma wannan ni'ima ce da ya kamata a gode wa Allah a kanta. Amma tausayinmu yana tashi tare da ruwa, yana kuma janyewa tare da shi. A makon farko motoci sun yi ta zuwa da buhuna, manya da ƙanana, kowa da mai ɗaukar masa hoto, har ka ga an tsayar da tsohuwa a rana ana jiran a daidaita waya kafin a miƙa mata mudun shinkafa, alhali malamai sun daɗe suna karantar da mu cewa gori da riya suna ɓata sadaka, kuma suturta mabuƙaci yana cikin haƙƙinsa. Bayan ƴan makonni kuwa, lokacin da aikin gaskiya ya fara, wato kwasar taɓo da buga tubali da yashe rijiya da haƙa sabuwar salga da neman jarin da mai tuyar ƙosai za ta sake kafa kaskonta, sai hanya ta yi tsit, ba ka ganin kowa sai masu gidajen da ƴan tsirarun samari waɗanda ba su gaji ba. Buhun shinkafa yana ƙarewa cikin kwanaki, amma wanda gidansa ya rushe yana buƙatar hannu har tsawon rani guda.

Na sha jin masu cewa, su ma wa ya aike su zama a hanyar ruwa? Tambayar tana da wuri, sai dai ba a bakin wanda bai taɓa neman fili a Yamai da aljihun talaka ba. Birnin da mutanensa ba su wuce kimanin dubu 30 ba a lokacin samun mulkin kai a 1960, ƙidayar 2012 ta same shi da fiye da miliyan ɗaya, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka ƙaru fari da yunwa da neman abinci ne suka koro su daga karkara. Tudu ya yi tsada, kwari ya yi araha, kuma a shekarun fari kwarin ya bushe shekara da shekaru har aka manta cewa na kogi ne, aka yanka shi filaye aka sayar. Sa'an nan abincin mutanen nan a bakin ruwa yake: mai lambu, da mai gonar shinkafa, da masunci, da mai wanki, da mai buga tubali. Bayan ambaliyar 2012 an ba wasu filaye a Seno don su tashi daga bakin kogi, amma da yawa sun koma inda suka fito, domin wurin ya yi musu nisa da sana'a da kasuwa. Wanda aka ba fili ba a ba shi ruwan sha da makaranta da hanyar mota ba, an canza masa musiba ne da wata. Idan akwai wanda ya cancanci zargi, to wanda ya san kwari ne ya yanka ya sayar, da wanda ya sa hannu a takarda, sun fi mai saye cancanta.

Haka kuma ba na yarda da masu rufe zancen da cewa ƙaddara ce. Lalle ƙaddara ce, kuma babu mumini da zai yi jayayya da wannan. Amma imani da ƙaddara bai taɓa sauke wa al'umma wajibcin riƙo da sababi ba. Malaman tarihin Makka sun ruwaito cewa a zamanin halifancin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, wata ambaliya da ake kira ta Ummu Nahshal ta shiga Masallaci Mai Alfarma har ta ɗauke Maƙamu Ibrahim daga wurinsa. Halifa ya zo da kansa ya mayar da Maƙamin, sa'an nan ya sa aka gina shinge na duwatsu a saman gari don ya karkatar da ruwa. Babu wanda ya fi shi sanin tawakkali a cikinmu, amma bai tsaya ga addu'a kaɗai ba. Fuƙaha'u kuma sun sanya ceton rai da kawar da cuta daga jama'a cikin farillan kifaya, waɗanda idan wasu suka tsaya da su an sauke wa saura, idan kuwa kowa ya bari, kowa ya ɗauki zunubi. Ina ganin gyaran shinge da yashe magudana suna shiga wannan babi ba tare da wani tawili mai nisa ba, kuma attajirin da ke neman sadaka mai gudana, bayan masallacin da ya gina a unguwar da ta riga ta sami uku, zai iya samunta a kwalbati da rijiya mai murfi da harsashin siminti ga gidan marayu.

Kada kuma a ɗauka wannan ciwon matalautan ƙasashe ne kaɗai. A Agustan 2005 guguwar teku da aka sa wa suna Katrina ta afka wa birnin New Orleans na Amurka, kuma abin da ya nutsar da kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin shi ne ɓallewar shingayen da aka gina don kare shi. Mutum fiye da dubu suka halaka, mafi yawan wahalar ta faɗa kan unguwannin talakawa da ke kwari, kuma masu aikin sa kai sun yi shekaru suna zuwa gyaran gidaje. Mu Allah Ya nisanta mu da teku da guguwarsa, amma a nan kusa, a ranar 10 ga Satumba 2024, madatsar Alau ta fashe, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri. A can da nan da Harobanda, abin da ya ci amanar mutane gini ne na hannun ɗan Adam wanda aka dogara da shi aka kwanta barci a bayansa.

Daminar 2024 ta nuna cewa abin da ya faru a 2020 bai zama na ƙarshe ba. A faɗin Nijar an rasa rayuka kusan 400, mutum wajen miliyan ɗaya da rabi suka shiga cikin asara. A Damagaram tsohon masallacin unguwar Birni, wanda aka gina da ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a farkon Satumba. A Maraɗi ruwan dare ɗaya ya kashe mutane ya rusa gidaje. Yamai kanta ta yi kwanaki a yanke daga gabashin ƙasa bayan ruwa ya cinye hanya a wajen Sorey. Kuma dole ta sa aka ɗage komawa makaranta daga farkon Oktoba zuwa 28 ga wata. Yawancin wannan ɓarna ma ba kogi ne ya yi ta ba, ruwan sama ne da ya sauka ya rasa hanyar wucewa. Wannan kuwa ya shafe mu mu na kan tudu kai tsaye, domin kwarin Guntu Yena da ya ratsa tsakiyar birni, da lambatun da ke bin titunan Zongo da kasuwanni, cike suke da leda da shara da yashi, kuma ba baƙo ne ya zo daga wata ƙasa ya zuba su ba.

Wasu suna cewa a yi haƙuri, idan aka gama madatsar Kandaji kome zai daidaita. Madatsar, wadda ake ginawa a sama da Tilaberi kuma aka sake ɗaukar aikinta a 2019, tana da amfani babba ga wutar lantarki da noman rani da riƙe ruwan kogi a lokacin zafi, kuma muna roƙon Allah Ya nuna mana kammaluwarta. Amma wanda ya dubi taswira zai ga Dargol da Sirba suna shiga Isa ne a ƙasa da Kandaji, tsakaninta da Yamai, don haka mafi yawan jar cika ba za ta bi ta ƙofar madatsar ba balle a tsare ta. Hukumar Kogin Isa, mai ƙasashe tara, hedikwatarta a nan Yamai take, kuma masana suna iya ganin tashin ruwan Sirba kafin ya iso. Abin da ya rage shi ne gargaɗin ya fita daga ofis ya isa ga mai unguwa da liman da gidan rediyo cikin Zabarmanci da Hausa da Fulatanci, a kuma san tun da wuri inda kowace unguwa za ta nufa idan an ce a tashi.

Dattawan da ke saurarena sun tuna zamanin samariya, lokacin mulkin Janar Seyni Kunce, sa'ad da samarin kowace unguwa ke fita da ganga su share titi su gina aji su yashe lambatu. Kuma kafin samariya akwai gayya, wadda kakanninmu suka noma gonar maras lafiya da ita suka rufa ɗakin gwauruwa. Ba sabon abu muke nema ba. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane, kuma tubalin ƙasa a rani ake buga shi, a rani yake bushewa.

Saboda haka ina kira ga masu unguwanni da limamai na Zongo da maƙwabtanta su sa rana, kafin ruwan farko na watan Yuni, a fita gayyar yashe lambatu, a kuma kwashe abin da aka yaso kada a bar shi a bakin rami ya koma ciki. Ina kira ga samarin fada su haye gada tun yanzu, su nemi gidajen zawarawa da tsofaffi a Lamorde da Karaje da Kirkisoy waɗanda har yau suke kwana a ƙarƙashin leda, su taya su buga tubali. Ina kira ga ƴan kasuwa, idan za su fitar da zakka ko sadaka, su tuna da siminti na harsashi da gidan sauro da jarin mata masu ƙaramar sana'a. Ina roƙon mahukuntan birni su bi shingen Harobanda da ƙafa daga farko har ƙarshe, su toshe inda ya zaizaye, su hana yanka filaye a kwari, kuma idan ranar rubuta sunaye ta sake zuwa, a rubuta wanda ke kwana a ɗakin, ko da haya yake yi. Ku kuma iyayen gida, a tudu kuke ko a kwari, ku sa takardun haihuwa da na fili a cikin leda mai kauri, ku rataye su a sama tun yau.